Spear, Jarumin Sule Guda: Mujallar Da Na Tarar A Adakar Yayana

Bayan an yi addu'ar arba'in ta yayana, iyalinsa suka aiko in zo in buɗe adakar ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, tunda ni ne babba cikin waɗanda suka rage. Gidan yana Jekadafari, a Gombe, inda aka yanke mana cibiya mu duka. Na zauna a bakin gadon, matarsa ta miƙo mini ɗan mabuɗi ɗaure da zare. A ciki akwai takardun gona, tsofaffin rasiɗan haraji, katin aikinsa na kamfanin gurzar auduga, da Ishiriniya mai bangon fata wadda mahaifinmu ya bar masa. Can ƙasa kuma, nannaɗe cikin wani tsohon ɗankwali, sai ga wata mujalla da ta rasa bangonta, takardunta sun yi ja kamar an tsoma su a ruwan goro, gara ta ɗan taɓa gefe ɗaya.

Ban buƙaci bango ba. Ina ɗaga shafin farko na ga mutumin: baƙar fata, malafa a karkace, kwat, ɗan lakataye mai siffar malam-buɗe-littafi a wuya, sigari mai kauri a gefen baki. Shekara hamsin da ɗoriya rabona da wannan fuska, amma sai na ji kamar jiya muka rabu. Lance Spearman ke nan, wanda duk yaran zamaninmu suka sani da Spear, wato mashi.

Matasan yau ba su san ta ba, don haka bari in faɗi ko mece ce. Sunan mujallar African Film. Kamfanin da ke buga mujallar Drum ne ya riƙa fitar da ita mako-mako daga wajejen 1968 zuwa 1972, fitowa fiye da 150. Ba zane ne a ciki ba kamar sauran littattafan barkwanci na Turawa. Hotunan mutane ne na gaske, baƙi da fari, an jera su daki-daki a shafi kamar an yayyanka fim da almakashi an manna, sannan a saman kowane mutum a zana ɗan kumfa a rubuta abin da yake faɗa. Dabarar daga Italiya ta taso bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wajen 1947, inda ake sayar wa talakawa labaran soyayya cikin hotuna. Masu Drum suka ɗauko ta suka zuba mata bindiga da dambe da tseren mota. Wani ɗan jaridar Amurka, Stanley Meisler, ya rubuta a 1969 cewa ana sayar da kwafe kusan 100,000 a Afirka ta Yamma, 45,000 a Afirka ta Gabas, 20,000 a Afirka ta Kudu. Wannan lissafin waɗanda suka saya ne kawai. A unguwarmu kwafi ɗaya yakan bi hannun yara ashirin kafin ya mutu.

Daga fim aka ciro Spear, ba a ɓoye ba. Tun da aka nuna Dr. No a 1962, Sean Connery ya fito a James Bond, duniya ta kamu da son ɗan leƙen asiri mai kwat wanda ba ya karaya, ba ya gumi, ba ya rasa dabara. Spear shi ne Bond ɗin baƙar fata, an haɗa masa da halin masu binciken laifi na finafinan Amurka. Yana da ƙaramar bindiga samfurin Beretta, da mota Corvette Stingray mai dogon hanci. Kamfanin yana da wata mujallar kuma, Boom, wadda jaruminta Fearless Fang ɗan daji ne mai warki, Tarzan sak, illa dai shi baƙi ne. Mu 'yan Jekadafari ba mu cika damuwa da Fang ba. Daji ba baƙon abu ba ne gare mu, da ka fita bayan gari ka same shi. Birni mai benaye da fitilu shi ne abin da ba mu taɓa gani ba.

A 1969 ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Gombe tana cikin Jihar Arewa Maso Gabas, hedikwata tana Maiduguri, Sarki Abubakar Umar yana kan gadon Bubayero. Jirgin ƙasa bai fi shekara shida da isowa garin ba, don a 1963 ya iso, kuma har lokacin in ya yi kuka mukan ruga tasha kallo. Garin auduga ne da gyaɗa; da kaka, manyan motoci sai su yi layi, ƙurar auduga ta rufe ganyen itatuwa fari fat. Ana yaƙin basasa, samari da yawa daga unguwanni sun shiga soja, manya kuma kullum kunnensu na jikin rediyo. Talabijin kuwa labarinta kawai muke ji, wai akwai ta a Kaduna. Jaridu sukan zo ta hanyar Jos da Bauchi, wani lokaci a makare, kuma a cikin ƙunshinsu ne African Film take zuwa, tare da New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Kuɗinta sule guda. Ga yaro a lokacin, sule dukiya ce. Sai mu yi karo-karo: wannan kwabo, wancan kwabo biyu, wanda ya yi dako a kasuwa ranar ya kawo taro, in an yi sa'a wani ya zo da sisi. Kwabo goma sha biyu ne sule, kuma na tuna makon da muka tsaya a sha ɗaya har kwana biyu. Wanda ya fi zuba kuɗi shi ke kwana da ita daren farko.

Mun san majigi, wanda motar gwamnati ke kawowa ta kafa farin ƙyalle a fili, a nuna tsabta da rigakafi da noman zamani irin na fim ɗin Baban Larai. Wannan kowa na zuwa, har mata da tsofaffi. Gidan silima kuwa wani abu ne daban. A gidanmu, da gidaje da yawa irin namu, yaron da aka gani a ƙofar silima ya jawo wa iyayensa magana. Saboda haka Bond da ake ta faɗa, da kaboyi, da finafinan Indiya, sai dai mu ji a bakin manyan yara. Mujallar nan ita ce silimar da za ka iya cusawa cikin riga ka shiga da ita gida.

Sai dai da Turanci aka rubuta ta, mu kuwa Turancinmu na 'yan firamare bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. A nan Yaya ya shigo. Ya girme ni da shekara biyar, yana sakandare, kuma Allah ya ba shi baki. Bayan la'asar, kafin a koma makarantar allo ta dare, sai mu taru a gindin dogon yaron da ke bayan gidanmu. Ya zauna a kan turmi da aka kifa, mu kewaye shi, na baya su tsaya a kan yatsu. Ba ya yarda kowa ya taɓa takardar. Zai ɗaga shafi ya nuna mana hoton, ya bar mu mu ƙoshi da kallo, sannan ya fara.

Ban taɓa jin mai ba da labari kamarsa ba, kuma na ji da yawa. Kafin Spear ya kai naushi sai Yaya ya yi masa kirari, irin wanda ake yi wa 'yan dambe da kaka. In mota ta bi mota, a bakinsa sai ta taso daga Tudun Wada ta ratsa Sabon Layi ta yi kwana a bakin kasuwa ta miƙe hanyar Dukku. Wani ɗan sanda abokin Spear, Kyaftin Victor, ya ba shi muryar wani ɗan doka mai tumbi da duk muka sani a gari. Sonia, matar da ke taya Spear faɗa, mai harbi da ƙafa kamar namiji, Yaya ya ce mana ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa suke yawo tare. Babban abokin gabar Spear sunansa Rabon Zollo, mu kuwa muna da Rabo a unguwa, saboda haka ba mu taɓa shakkar cewa bos ɗin Bahaushe ne da ya lalace a bariki ba. Wanda muka fi ƙauna shi ne Lemmy, ɗan yaron da ke bin Spear da danƙon harbi. Kowannenmu yana da danƙo a aljihu. Ganin yaro kamarmu, da makami irin namu, yana ceton babban jarumi, ya sa ƙadangarun Jekadafari suka sha wuya a shekarun nan.

Akwai kuma kofin gilashin da ke hannun Spear kusan kowane mako. Wani yaro ya taɓa tambayar abin da ke ciki. Yaya bai ko ɗaga kai ba ya ce maganin ƙarfe ne, shi ya sa wuƙa ba ta cin sa, harsashi kuma ke kauce masa. Nan take labarin ya zauna mana daram. Mun san 'yan tauri, mun ga suna soka wuƙa a cikinsu ranar hawan salla tana lanƙwashewa. Jarumin da ke shiga tsakiyar 'yan bindiga goma ya fito ko malafarsa ba ta faɗi ba, dole akwai abin da ya sha.

Daren da na kawo mujallar gida daga adakar, na sa tabarau na karanta ta da kaina, karo na farko a rayuwata da Turancina ya isa. Cikin minti ashirin na gama. Maganganun gajeru ne ƙwarai: barazana, amsa, ƙarar naushi, ƙarar bindiga. Babu kirari ko ɗaya. Babu Tudun Wada. Sonia ba ƙanwar kowa ba ce. Abin da ke cikin kofin kuwa giya ce, wiski, an rubuta ƙarara. Na daɗe zaune da takardar a cinya. Ashe rabin abin da na riƙe shekara hamsin a matsayin labarin Spear, daga kan Yaya ya fito. Yaro ɗan shekara sha shida ya dubi hoton, ya dubi ƙannensa, ya san abin da zai ba su da abin da zai rufe, kuma ya yi hakan cikin ƙiftawar ido ba tare da labarin ya yi tuntuɓe ba.

Da na bi diddigin inda mujallar ta fito, sai na gane dalilin da ya sa ta karɓi irin wannan ɗinki cikin sauƙi. Mu dai mun ɗauka a Ikko ake yin ta, tunda adireshin Legas ne a jiki. Yaran Nairobi su ma sun ɗauka tasu ce. Gaskiyar ita ce daga Afirka ta Kudu take. Kamfanin Drum na Jim Bailey, wanda ya fara mujallarsa a 1951, a Johannesburg yake a lokacin. Marubuta baƙaƙe ne ke tsara labaran, cikinsu har da ɗaliban jami'a a Lesotho, a ɗauki hotunan a can kudancin Afirka, sannan a buga a Legas da Nairobi. Mutumin da ya fito a Spear, Mkwanazi, wanda wasu ke rubuta sunansa na farko Joe wasu Jore, boyi ne a wani gida a Durban, yana goge daɓe da rana, da dare yana kaɗa fiyano a gidan rawa, har wani mai ɗaukar hoto Bature ya gan shi. Meisler ya ce albashinsa ya tashi daga dala 35 a wata zuwa dala 215.

Ka tuna wane lokaci ne wannan. Nelson Mandela yana tsare a tsibirin Robben tun 1964. Baƙar fata a ƙasar ba ya shiga birni sai da takardar izini a aljihu. Nijeriya kuwa tana sahun gaba wajen adawa da mulkin wariyar launin fata. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan lardinmu na Bauchi, yana cikin shugabannin da suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar Kwamanwel a 1961. Kayan da aka san daga can ya fito ba zai yi kasuwa a nan ba. Saboda haka masu mujallar suka share duk wata alama. Birnin Spear ba shi da suna. Ba a maganar siyasa, ba a maganar launin fata, ba a maganar ƙabila. Na duba kwafin Yaya shafi-shafi ina neman masallaci ko coci, ko wata tsohuwa da za a ce uwar wani ce, ko kasuwa irin wadda na sani, ban samu ba. Gari ne da aka wanke tas don ya shiga kowace ƙasa ba tare da an tare shi a kan iyaka ba. Wurin da suka bari fayau, shi Yaya ya cika da Gombe.

Wannan abu yana damuna, kuma ba zan ɓoye ba. Mutumin da muke gani yana ba ɗan sanda shawara, yana tuƙa motar da ta fi ta kowa, in an gama ɗaukar hoto komawa yake ƙarƙashin dokar da ta hana shi zama inda yake so. An sayar mana da hoton 'yancin da shi kansa mai hoton ba shi da shi, ribar kuma ta tafi inda ta tafi. Rayuwar da aka nuna a matsayin ci gaba ita ce kwalba da sigari da mata masu gajeren siket. Na san samarin zamaninmu da suka ɗauki wannan darasi da gaske, ba su samu mai juya musu kofin ya koma maganin ƙarfe ba, kuma na ga inda wasunsu suka ƙare.

Duk da haka ba zan yarda a ce shara ce ba. Wanda bai rayu a lokacin ba, zai yi masa wuya ya gane abin da ake nufi da yaro ya buɗe takarda ya ga baƙin mutum shi ne jarumi. A finafinan Tarzan da Johnny Weissmuller ya fara fitowa a cikinsu tun 1932, ɗan Afirka shi ne mai ɗaukar kaya a ka, shi ne mai gudu in zaki ya yi gurnani. A littattafan Turancin makaranta, mai hankali da dabara kusan kullum fari ne. Jarumai namu muna da su, ba mu rasa ba: Ganɗoki na Bello Kagara, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Alhaji Imam na Ruwan Bagaja mai wayo. Amma dukkansu mutanen da ne, na doki da takobi da aljannu. Babu wanda ya taɓa nuna mana namu a cikin duniyar tarho da mota da jirgin sama yana cin nasara. Spear ne ya fara. Yaran da suka zauna a gindin dogon yaron nan, daga baya an samu lauya a cikinsu, da jami'in kwastan, da malamin makaranta, kuma fiye da ɗaya sun gaya mini cewa son su karanta abin da ke cikin kumfar nan da kansu, ba sai sun jira Yaya ba, shi ya fara sa su dage da Turanci.

Sau ɗaya aka kama mu. Bappanmu, ƙanen mahaifinmu, ya zagayo bayan gida neman akuyarsa ya tarar da taron. Ya karɓi mujallar ya juya shafuka a hankali, ya tsaya a kan hoton Sonia, fuskarsa ta canza. Bai daki kowa ba. Ya kira Yaya gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, mu muna tsaye zuciya na dukan uku-uku. Abin da muka gani kawai shi ne ya mayar masa da ita, kuma daga ranar ba a sake zaman karatu ba sai kowa ya nuna ya wanke allonsa ya biya. Ban taɓa sanin abin da suka ce wa juna ba, yanzu kuma duka biyun sun riga mu gidan gaskiya.

A 1972 mujallar ta daina zuwa. Ba sanarwa, ba sallama. Muka yi ta zuwa wurin mai jarida har muka gaji. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, sai ya zama Spear da kuɗin sayensa kusan tare suka tafi. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: finafinan Bruce Lee suka mamaye gari, yara suka koma tsalle da ihu, masu karatu suka koma James Hadley Chase, daga 1977 kuma jerin Pacesetters, wanda a cikinsa Mohammed Sule ɗan Kano ya fitar da The Undesirable Element. A 1990 'yan Tumbin Giwa suka yi Turmin Danya a Kano, fim ɗin Hausa na bidiyo ya kafu. Yau kuwa in na wuce shagon masu tura finafinai a waya, na ji muryar masu fassarar Algaita tana sa jarumin Indiya yana zuba karin magana da Hausa, yana kiran abokan gabarsa da sunayen da ba marubucin fim ɗin ne ya raɗa musu ba, Yaya nake tunawa a kan turminsa. Sana'ar ɗaya ce. Shi dai bai samu makirfo ba.

Masana sun fara waiwayar mujallar. Matthias Krings, Bajamushen da ya daɗe yana bincike a Kano, ya ware mata babi guda a littafinsa African Appropriations na 2015, yana kallon ta a matsayin wadda ta share wa finafinan bidiyo hanya. Amma takardar da aka buga ta da ita mai arha ce, ba a yi ta don ta daɗe ba. Wadda gara ta bari, masu ƙosai da masu tsire sun naɗe kaya da ita. Ina roƙon duk wanda ke da ko da shafi biyu a tsohuwar adaka a Bolari ko Herwagana ko Kumbiya-kumbiya, kada ya bari a share da shi ranar rabon gado. Jami'ar Jihar Gombe tana nan tun 2004, kuma irin wannan takarda tarihin garin nan ce kamar yadda rasiɗin haraji yake tarihi.

Da na koma Jekadafari mayar da mabuɗin, na tafi da mujallar don in nuna wa iyalinsa. Jikokinsa uku suna tsakar gida, babban bai wuce shekara goma ba, suna kallon wani abu a wayar uwarsu. Na zauna a kan tabarma na buɗe. Da farko leƙe kawai suka yi, suka ga ba kala. Sai na ɗaga shafin na yi wa Spear kirarin da na iya tunawa, na tayar da motar daga Tudun Wada. Ƙaramar ta matso ta dafa gwiwata. Da muka zo kan kofin gilashi, babban ya tambayi abin da ke ciki, na ba shi amsar kakansa.

Labaran Spear ba sa ƙarewa a fitowa ɗaya, sai a yanke su daidai inda rai ya fi tashi don ka nemo sulen mako mai zuwa. Wannan ma haka: a hoton ƙarshe jarumin yana hannun abokan gaba, an ritsa shi da bindiga. Suka ce in juya. Na nuna musu babu sauran shafi, na ce ci gaban yana cikin ta mako mai zuwa, ita kuwa ba ta cikin adakar. Babban ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ƙura wa hoton ido, ya sa yatsa a kan wata taga da ke bayan mai bindigar.

“Kaka, ai ta nan yaron mai danƙo zai shigo,” in ji shi. Ya gyara zama, ya juya wajen ƙannensa, ya ci gaba daga nan.